Injin da Ya Ɓace Ranar Suna

Ranar da aka raɗa wa ɗan Misbahu suna, tun ba a gama feɗe rago ba, sai aka ji angon ƙarni da kansa yana salati daga cikin shagonsa, irin salatin da ake yi idan gobara ta tashi. Mutanen da ke zazzaune a kan tabarmi a ƙofar gida suka zabura, wani da goro a baki, wani da waina a hannu. Da aka leƙa ba a ga wuta ba. Misbahu aka tarar a durƙushe gaban kanta, yana nuna wani gurbi da babu komai a cikinsa.

Duk wanda ya san Misbahu a Kaura Namoda ya san shagon nan. Aikinsa a ɗakin sayar da magani yake, amma abin da ya tafi da hankalinsa tun ƙuruciya shi ne tsofaffin injinan gem, irin waɗanda ake jona wa talabijin a cusa musu kaset, waɗanda yara suka daina waiwaya tun da wayar hannu ta shigo gari. Shekara da shekaru yana bin kasuwanni da gidajen mutane yana saye, yana gogewa, yana jerawa. Wanda ya fi ji da shi wani baƙin inji ne da ya tono a ɗakin ajiyar wani tela a Zurmi. Shi ne ya ɓace, tare da hannun bugawa guda, wato abin da ake riƙewa ana danne-danne, da kaset ɗin tseren mota.

Cikin waɗanda suka leƙa har da Muhtari, mutumin Moriki. Mai bin sawu ne, ɗan mai bin sawu. A da, idan aka kore wa mutum saniya, shi ake kira ya bi ta ƙafa da ƙafa har turken da aka ɗaure ta. Amma tun da daji ya zama na 'yan bindiga sana'ar ta mutu, domin kowa ya san inda sawu ke zuwa, kuma babu mai son isa can. Sai ya dawo Kaura yana sayar da igiya kusa da tashar jirgi.

Kafin Muhtari ya gama kallon gurbin, jama'a sun riga sun sami ɓarawonsu. Akwai wani baƙo, Zaharaddeen, ɗan Shinkafi, shi ma mai tara irin waɗannan injina, wanda abota ta kawo shi suna. Mutane da dama sun ji shi da safe yana roƙon Misbahu ya sayar masa da baƙin injin, Misbahu yana dariya yana ƙi. Kamaluddeen, mai shagon cajin waya kuma jagoran matasan sa-kai na unguwar, ya fizge jakar baƙon ya zazzage. Kasa-kasai suka zubo ƙasa, a cikinsu har da na tseren mota.

"Nawa ne! Wallahi nawa ne, musaya na kawo mu yi," in ji Zaharaddeen. "Misbahu, gaya musu mana!"

Misbahu ya ɗauki kaset ɗin ya juya shi. "Irin shi ne," ya ce. "Amma ban sani ba."

Wannan kalma ta ishi jama'a. Aka zaunar da baƙon a ƙasa, aka zuba kasa-kasan a gabansa, Kamaluddeen ya ɗauke shi hoto ya watsa. Muhtari kuwa ya san yadda ƙasar ta koma. Baƙon da aka kira ɓarawo da hantsi, kafin faɗuwar rana ya zama ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, kuma suna irin wannan ba ya wankuwa.

Sai Alhaji Shehu, surukin Misbahu, babban ɗan kasuwar hatsi, ya yi gyaran murya daga kan kujerarsa. "Ku saki yaron ga," ya ce. "Ranar farin ciki ce. A bar zancen, ni zan saya ma mai shi wani."

Kamaluddeen ya rusuna. "Baba Alhaji, a yi haƙuri. Wanga zamani ba a sakin baƙo haka nan. In an yi la'asar mu kai shi ga manyanmu, can ya faɗi wanda ya miƙa ma injin."

A nan ne Inna Saude, mahaifiyar Misbahu, ta turo kai daga zaure. "Ina Muhtari? Kai da ido gare ka, kana tsaye awa gunki! Na kihe sawu da kwano, taho ka duba."

Muhtari ya ji wani abu ya taso masa tun daga tafin ƙafa, abin da ya daɗe bai ji ba. Ya naɗe hannun rigarsa.

*

An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, irin wadda mai bin sawu ke roƙon Allah ya ba shi. Muhtari ya durƙusa a bakin ƙofar shagon, ya yi bisimilla, ya ɗage kwanon. Jama'a suka yi da'ira, ana ture-ture. Ya dubi sawun, ya karkata kai, ya sa yatsa ya taɓo wani ɗigo a gefensa.

"Inna, wanga sawun mahauci ne. Ga jinin rago nan. Wuƙa ya zo wasawa bisa dutsen ga."

Aka fashe da dariya. Inna Saude ta karɓe kwanonta tana mita, wai ita dai ta yi abin da ta ga iyaye suna yi. Muhtari bai yi dariya ba. Ƙofar gidan suna ta sha ƙafa, babu abin da za a karanta a wurin. Sai ya yi abin da akan yi idan garke ya tattake bakin mashaya: ya fita can nesa da taron, ya shiga zagaye gidan a sunkuye, yana neman ƙafar da ta fita ba ta hanyar da kowa ya shigo ba. Misbahu na biye da shi.

A bakin lungun da ke bayan shagon ya tsaya cak.

"Allahu akbar! Ga shi!"

"Ina, Baba Muhtari? Ni ban ga komai ba."

"Takalmin fata ne, rufaffe, dunduniyar ta cinye ta waje. Dubi ƙafar hagu, ta fi nutsewa, kuma hannun hagu bai lilo, shi ya sa takun ya gajarce ta nan ɓangaren. Wani abu ya matse a hammata." Ya matsa gaba da sauri, muryarsa na ɗagawa. "Dubi nan kuma, awa an ja tsintsiya sama-sama. Bakin riga ne ke shafar ƙasa. Babbar riga! Ƙarƙashinta ya sa abin."

Suka bi lungun, Muhtari har yana ɗan gudu-gudu, ya manta da gwiwar da ke damunsa. Amma da suka yi nisa sai murnarsa ta fara gaurayuwa da mamaki. A wuri biyu sawun ya tsaya, ƙafafun suka jeru, suka fuskanci wani sawun daban, sannan suka ci gaba. Ya san ma'anar wannan. Mai takalmin ya tsaya ya gaisa da mutane, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar iyali.

"Na bi ɓarayi da yawa," ya ce a hankali, "ban taɓa ganin wanda ke tsayawa gaisuwa da kayan sata a hammata ba. Wanga mutum bai jin shi ɓarawo ne."

Lungun ya fita kan kwalta, inda baƙin suna suka jera motoci da babura. A nan sawun ya mutu. Muhtari ya yi gabas ya yi yamma a gefen titin, bai sake ganinsa ba.

A gindin wata bishiyar dogon yaro kuwa ga Musa mai sayen gwangwani, zaune a kan kurarsa da ta cika da matattun rediyo da fankoki. Matasan da suka biyo baya suna ganinsa suka ɗauki ihu, wai ga wanda aka miƙa wa. Kafin a hana su sun kife kurar. Fanka ta gangara kwata, wata tsohuwar tukunya ta bi ta, babu inji.

"Kun gama?" in ji Musa, yana kaɗe rigarsa. "To ku kwashe mani yadda kuka same shi. Injin mi ma kuke nema?"

Misbahu ya kwatanta masa da hannu.

"Roba ce ko ƙarfe?"

"Roba."

"Kai, angon ƙarni, ka ji tsoron Allah. Wa ke sata don roba? Ko kyauta ka ba ni sai na yi shawara."

Muhtari ya dubi ƙafarsa, takalmin taya ne. Ya tsuguna kusa da shi. "Musa, tun safe kana nan. Wa ya fito ta lungun ga da babbar riga?"

"Malam Muhtari, ranar suna ce. Yau ko kaza ta fito ta nan babbar riga ta sa. Liman ya wuce, mai unguwa ya wuce, surukin mai gidan ya zo motarsa ya ɗauko ƙarin goro har ya sam mani. Mai gudu dai ban gani ba."

Muhtari ya miƙe, ya dubi rana. Ta riga ta karkata.

*

A zaure aka tsare Zaharaddeen. Muhtari ya tarar da shi ya haɗa kai da gwiwa, wayarsa na ta ruri a hannun Kamaluddeen. Gajeriyar riga ce a jikinsa, takalminsa na roba irin na 'yan ƙwallo.

"Ba shi ba ne," in ji Muhtari. "Wanda ya fita da injin takun dattijo gare shi, da babbar riga."

"To ai shi ne abokin aikin nashi," in ji Kamaluddeen. "Wanga ya nuna, wancan ya ɗauka. Ka kawo mani mai babbar rigar, Baba, in saki wanga da hannuna."

Wayar ta sake ruri. Zaharaddeen ya ɗago jajayen idanu. "Mahaifiyata ce. Hoton ya kai Shinkafi. Malam, ni malamin firamare ne. Da wane ido zan tsaya gaban yara?"

Muhtari ya zauna a gabansa a kan ƙasa. "Ɗana, ni ban san kan abubuwan ga naku ba. Sawun shanu na sani. Kai da ka san su, ka leƙa shagon bayan an yi satar. Mi ka gani?"

Zaharaddeen ya share hanci. Da ya fara magana sai muryarsa ta ɗan dawo, kamar yadda takan dawo wa mutum idan an taɓo abin da yake ƙauna. "Wayoyin," ya ce. "Bayan kantar nan wayoyi ne a cukurkuɗe, kowane inji da tashi wayar wuta, kuma duk kama suke. In ka sa wadda ba ita ba, injin ya ƙone. Wanda ya ɗauka ya zare ta baƙin injin ita kaɗai, bai taɓa saura ba. Ko ni sai na duba sau biyu. Mutumin ya san injin nan."

Muhtari ya dafe kai. Ya ruga waje bin ƙasa saboda ita ya iya, ya bar ɗakin da aka yi abin bai ko tsaya a cikinsa ba. Ya tashi da sauri har hularsa ta faɗi.

*

"Wa da wa suka shiga shagon ga yau?" ya tambayi Misbahu.

"Ni da Zaharaddeen ne kawai."

"To tsaya nan tsakiya. Kada ka nemi abin da babu. Dubi abin da ke nan, ka gaya mani wanda bai zauna yadda ka aje shi ba."

Misbahu ya bi kantocin da ido, layi bayan layi. Kasa-kasan a jere suke kamar haƙoran mataji, kowanne hotonsa na duban hagu. A layi na ƙasa ya miƙa hannu ya tsaya. "Wannan. An juya shi, hoton na duban dama. Ni ba na aje shi haka."

"Kada ka shafa bakin! Kawo."

Muhtari ya fita da kaset ɗin cikin rana. Yana da tsaga a ƙasansa, a ciki ga wani siririn allo mai haƙora kamar na zinariya. Ya karkata shi har haske ya shiga. A kan haƙoran, da gefen robar, akwai wasu ɗige-ɗige jajaye, ƙanana kamar ƙwayar gero da aka farfasa. Ya lakato ɗaya da farce ya murza, ya shinshina.

"Goro!" Ya ce da ƙarfi har mata suka leƙo. "Goro ne, kuma na yau, bai bushe ba. Mi ke kai goro cikin wanga abu?"

Misbahu ya karɓa ya duba, idanunsa suka buɗe. "An hura shi! Baba Muhtari, an hura shi! Mutanen da, zamanin gidajen gem, in kaset ya ƙi tashi sai su kai shi baki su hura. Mu masu tarawa ba mu yi, yawu na sa tsatsa. Da auduga da sifirit muke gogewa. Zaharaddeen ko ka sa mai wuƙa ba ya hura kaset."

"To wani ya tsaya nan, ya zaro wanga, ya hura shi don sabo, ya maida, ya ɗauki na mota." Muhtari yana magana yana zagaye, dariya na kuɓuce masa. "Mai cin goro, mai babbar riga, wanda ya yi wasan ga tun kana goye."

"Amma yau suna ne. Kowa ya ci goro."

"Na sani. Je ka ce ma Inna ta share ƙofar gida tas, ta yayyafa ruwa. A janye tabarmi can gefe. Sannan a kira dattawa su dawo, a ce ina son su shaida."

*

Ana gab da kiran la'asar jama'a suka sake taruwa, har sun fi na safe, domin labari ya zaga cewa mai bin sawu zai nuna ɓarawo. Muhtari ya tsaya a jikin bango kamar mai hutawa, idonsa a kan shararriyar ƙasar da kowa sai ya taka kafin ya kai tabarma. Liman ya wuce, silifa ne. Mai unguwa ya wuce, yana jan ƙafar dama. Musa ya zo yana ƙunƙuni. Wasu Alhazai suka wuce, babu wanda takunsa ya dace.

Sai Alhaji Shehu ya taho, yana amsa gaisuwa dama da hagu. Muhtari ya dubi sawun da ya bari a baya. Rufaffen takalmin fata, dunduniyar ta ɗan cinye ta waje, bakin riga na shafar ƙasa.

Ya jawo Misbahu gefe. "Da aka yi ruwa da asuba, ina surukinka ya fake?"

"A shagona. Na buɗe mai, na shimfiɗa darduma, na fita na ba shi wuri." Misbahu ya faɗa ba tare da ya ji nauyin maganar ba, domin a wurinsa suruki ba ya cikin mutanen da ake lissafawa idan an ce wa ya shiga.

Muhtari ya san sawu kaɗai ba zai isa ba. In ya nuna Alhaji da yatsa, za a ce takalmin fata ya cika kasuwa, a ce tsufa ya taɓa ɗan Moriki, Misbahu kuma ba shi da bakin da zai goyi bayan maganar da ta shafi uban matarsa. La'asar za ta yi, a tafi da baƙo. Dole ne mutumin ya nuna kansa da kansa.

Ya sa aka fito da talabijin aka ɗora a kan turmi, Kamaluddeen ya kawo batirin shagonsa, Misbahu ya jona wani injin, ɗan'uwan wanda ya ɓace. Aka fito da Zaharaddeen aka zaunar. Muhtari ya ɗaga kaset ɗin sama.

"Jama'a, ɓarawo ya taɓa wanga. Zan sa shi a inji, abin da ya nuna mu gani tare."

Wasu suka ɗauka wani asiri ne na masu bin sawu, wata tsohuwa ta fara karanta addu'a. Muhtari ya tura kaset ɗin a karkace. Talabijin ya yi shuɗi, ya yi tsaki, babu hoto. Ya zare ya juya shi baibai, ya danna da ƙarfi har robar ta yi ƙara.

"Baba Muhtari, a hankali!" in ji Misbahu.

"Bar ni, yaro. Ƙofar ce ta yi mai kaɗan." Ta wutsiyar ido yana kallon Alhaji Shehu, wanda ya daina tauna, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Muhtari ya sunkuya ya ɗauki dutsen da mahauci ya wasa wuƙa. "Bari in ɗan buga shi ya shige."

Ya ɗora kaset ɗin a bakin injin, ya ɗaga dutsen sama.

"Kai! Kai, Muhtari, ka haukace?"

Babu wanda ya taɓa ganin Alhaji Shehu ya yi sauri irin na ran nan. Kujera ta kife, babbar riga ta yi fiffike, kafin a ankara ya fizge kaset ɗin. Ya kai shi baki, ya hura daga wannan gefe zuwa wancan, ya buga shi sau ɗaya a tafin hannu, ya zura shi a injin, ya ɗan jawo shi baya kaɗan kamar mai saita kan rediyo, ya danna maɓalli. Talabijin ya washe. Kiɗa ya tashi, wasu 'yan mutane masu launi suka fito suna tsalle.

Yara suka kaure da sowa, matasa suka ɗauki tafi, har Musa ya miƙe yana cewa, "Kai, Alhaji gwani!" Alhaji kansa murmushi yake, hannunsa ya riga ya kai ga hannun bugawa. Sai ya ɗago, idonsa ya haɗu da na Muhtari, wanda ya ajiye dutsen tuni. Sowar ta fara mutuwa daga layin gaba zuwa na baya.

Muhtari ya rusuna, ya yi ƙasa da murya yadda na kusa kaɗai za su ji. "Alhaji, goron da ke cikin kaset ɗin ga tun safe, da wanda ya shiga yanzu, bakinsu ɗaya. Sawun lungu ma na gani. Ni ba zan faɗa ba. Amma ga ladan can ya hau, kuma yaron mutane na zaune ƙasa."

Alhaji Shehu ya dubi Zaharaddeen. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya laluba aljihu ya miƙa wa Musa mabuɗi. "Je bayan motata, ƙarƙashin buhun goro. Ɗauko a hankali."

Misbahu ya juya ya fuskanci bango, ya rufe fuska da hula.

"Ina saurayi ni na kai injin nan Zurmi," in ji Alhaji, ba tare da ya dubi kowa ba. "Rumfa gare ni bakin kasuwa, yara na layi. Akwai tabon ƙuna a kusurwarshi, maganin sauro ne ya faɗa mai, ni na yi sakacin. Da mahaifina ya sa ni hatsi na bar ma wani tela shi. Yau da safe ina zaune ina jiran ruwa ya ɗauke, na ɗaga kai sai ga shi. Na ce in tafi da shi in buga tseren motar nan sau ɗaya, gobe in aiko a maida. To ku gaya mani, jama'a, da wane baki zan dubi mijin ɗiyata in ce ya ara mani abin wasa?"

Wani ya yi dariya, liman ya harare shi. Kamaluddeen ya sunkuya ya kama hannun Zaharaddeen ya tashe shi, ya miƙa masa wayarsa, yana ta ba da haƙuri. Zaharaddeen ya karɓa, ya kaɗe wandonsa, amma bai tafi ba.

"Baba," ya ce, "na gode da aka sake ni. Amma nan kaɗai aka sake ni. A Shinkafi har yanzu ina zaune a ƙasa da kasa-kasai a gabana."

Mai unguwa ya fara cewa a bar wa manya, za a aika da saƙo a asirce. Alhaji Shehu ya ɗaga masa hannu. Musa ya iso rungume da baƙin injin, Alhaji ya karɓa. Ya tattara babbar rigarsa mai aiki, ya taka zuwa daidai inda aka zaunar da baƙon, ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ɗora injin a cinya.

"Kamalu, fiddo wayarka."

"Haba, Baba Alhaji! Wallahi ba na iyawa."

"Da safe ka iya. Hoto mai motsi za ka ɗauka, da murya, kuma duk inda ka tura na farko ka tura wanga."

"Baba, don Allah," in ji Misbahu daga jikin bango, karo na farko da ya yi wa surukinsa magana a gaban mutane. "Injin naka ne, na ba ka. A bar hoton."

"Injin naka ne, ka saya da guminka. Sunan yaron ga kuwa ba naka ba ne balle ka yafe."

Kamaluddeen ya ɗaga wayar da hannu biyu. Muhtari ya matsa ya kama kafaɗar Zaharaddeen, ya tsayar da shi a bayan Alhaji inda za a gan shi a tsaye. Alhaji Shehu ya tofar da sauran goron bakinsa, ya gyara hula, ya dubi wayar kai tsaye.

"Assalamu alaikum, mutanen Shinkafi. Ni ne Shehu na Dauran, mai hatsi, da yawanku kun san ni. Ku dubi wanda ke zaune ƙasa da kyau, sannan ku dubi wanda ke tsaye."